Kundin Ɗan Koyon Likita: Lamarin Wani Maraya a Landan, 1810 zuwa 1821

## Asalin lamarin

A cikin kayan tarihin wani gida da ke unguwar Hampstead a Landan akwai wani ɗan littafi na rubutun hannu da ya haura shekara 200. Bayanin ƙasusuwa ne a ciki, da na jijiyoyi da jini, a gefen wasu shafukan kuma an zana 'yan furanni da alƙalami. Mai littafin ya yi kimanin shekara 6 yana koyon aikin likita, tun daga shagon maigidansa har babban asibiti. Ba zan kama sunansa ba, domin sunan da ya yi daga baya a fagen waƙa yakan rufe wa mutane ido, su manta da yaron da ya shafe shekaru yana daka magani yana wanke gyambo. Ɗan koyo zan riƙa ce masa. Littafin kuma zan ce masa kundi, don da kundin malamanmu ya fi kama: abin da ɗalibi ya ji daga bakin malami, ya tara wa kansa.

An haife shi a Landan ranar 31 ga Oktoba 1795. Mahaifinsa mai kula da bargar dawakin haya ne, ya faɗo daga kan doki ya rasu a Afrilu 1804. Mahaifiyarsa kuma tarin fuka ne ya yi ajalinta a Maris 1810. Shi ne babba a cikin 'ya'ya huɗu da aka bari, duk suna hannun kakarsu ta wajen uwa a Edmonton, wani ƙauye a arewacin Landan. Tsufa ya cim ma kakar, sai ta damƙa al'amarin yaran da dukiyarsu ga masu riƙo, babbansu wani ɗan kasuwar ganyen shayi. Aka yanke shawarar a cire babban daga makaranta a nema masa sana'a.

A Ingila ta wancan zamani masu magani hawa uku ne. Na sama su ne waɗanda suka yi jami'a, ba su da yawa, kuma sai mai hali ke iya kiransu. Sai masu tiyata, masu aikin hannu, waɗanda daga 1540 har 1745 ƙungiyarsu ɗaya da wanzamai a Landan. Na uku su ne masu shagon haɗa magani. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa mutum ɗaya ne ke haɗa na biyu da na uku: shi ne ɗorin karaya, shi ne karɓar haihuwa, shi ne sayar da ƙwaya. Hanyar shiga wannan sana'a kuwa ɗaya ce, a kai yaro gidan maigida.

## 1810 zuwa 1815: a gidan maigida

Bai cika shekara 16 ba aka kai shi wurin likitan da ke duba iyalin kakarsa, maƙwabcinsu a Edmonton. Aka rubuta yarjejeniyar shekara 5, aka biya maigida kuɗin koyarwa daga gadon yaron. Irin wannan takarda takan ɗora wa maigida ci da kwanan yaro da koya masa sana'a, ta kuma hana yaro aure da caca da zaman mashaya har wa'adi ya cika. Ɗan koyon ya tare a ɗakin da ke saman shagon.

Aikin ɗan koyo a irin wannan shago ba ya bambanta sosai daga gida zuwa gida. Da sassafe shara da wanke kwalabe. Sai daka a turmi, da awo a ƙaramin sikeli, da murza ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, da shafa magani a kan ƙyalle don liƙa wa ciwo. Shi ke rubuta bashin masu karɓar magani. Idan maigida zai fita duba marasa lafiya, shi ke tsayawa a waje yana riƙe da doki komai sanyi. In ya kwana biyu sai a fara sakar masa hannu: cire haƙori, ƙaho, sa wa mara lafiya matsattsaku su tsotsi jini, da tsaga jijiyar hannu a zubar da jini cikin kwano, wanda a lokacin ake ɗauka maganin kusan kowane zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wanzami yana aiki zai gane rabin wannan.

Abu biyu ya samu a wannan zama. Na farko sanin magunguna da hannu da hanci, da sunayensu na Latin da ke jikin kwalabe. Na biyu, bai saki Latin ɗin da ya koya a makaranta ba. Yakan taka zuwa Enfield, inda tsohuwar makarantarsa take, ya aro littattafai wurin ɗan shugaban makarantar, kuma ya ci gaba da fassara wani dogon waƙen Latin da ya fara tun yana ɗalibi. Ba don likitanci yake yi ba, sha'awa ce kawai.

Abin da shagon ya kasa ba shi shi ne cikin jikin mutum. Likitan ƙauye ba shi da gawar da zai buɗe wa yaronsa, don haka ɗan koyo yakan iya tsaga jijiya ba tare da ya taɓa ganin inda ta fito da inda ta nufa ba. Zaman ma bai tafi lami lafiya ba. A wata wasiƙa ta 1819 ya tuna lokacin da ya dunƙule hannu a kan maigidan nasa don fushi. Kakarsa ta rasu a Disamba 1814. Duk da haka, shaidar da ya gabatar daga baya ta nuna ya cika shekara 5.

## Yuli zuwa Oktoba 1815: doka ta sauya

Ana wata ga wata. Yana dab da kammala wa'adinsa, a Yuli 1815, Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da dokar masu haɗa magani, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta. Waɗanda suka riga suka kafa shago an bar su. Sabon shiga kuwa, a Ingila da Wales, ba shi da ikon yin sana'ar sai ya cika shekara 21, ya yi shekara 5 a gidan maigida, ya kuma ci jarrabawar ƙungiyar masu haɗa magani ta Landan. Wanda ya yi aiki ba lasisi, tarar fam 20.

Kafin a yarda mutum ya zauna jarrabawar sai ya kawo shaidar halartar lacca: zango biyu na ƙirar jiki da aikin sassansa, zango biyu na ilimin cututtuka da maganinsu, ɗaya na kimiyyar sinadarai, ɗaya na sanin magunguna, da wata 6 na bin marasa lafiya a asibiti. A da zuwa asibiti ganin dama ne ga yaron da ya gama da maigida. Yanzu ya zama dole, kuma ɗan koyon namu yana cikin rukunin farko da dokar ta hau kansu.

Ranar 1 ga Oktoba 1815 ya yi rajista a asibitin Guy's, a Southwark, kudu da kogin Thames. A lokacin Guy's da maƙwabcinsa St Thomas's makarantarsu ɗaya, ɗalibi yakan tsallaka titi daga wannan lacca zuwa waccan.

## Oktoba 1815 zuwa Maris 1816: lacca da kundi

Babban malamin da ɗalibai ke tururuwa dominsa shi ne Astley Cooper, wanda ya yi suna a tiyatar gwaiwa da ɗaure manyan jijiyoyin jini. Lacca a wancan tsari kayan malami ce. Ɗalibi yana sayen tikitin shiga, kuɗin kuma na malamin ne, abin da ya faɗa a zaure ba lalle a same shi a wani littafi ba. Wanda bai rubuta ba, ya tashi da abin da kansa ya riƙe kawai. Darajar wannan rubutu ta fito fili bayan shekara 8, lokacin da Thomas Wakley, wanda shi ma ya yi karatu a waɗannan asibitoci biyu, ya kafa mujallar The Lancet a Oktoba 1823, ya kuma buɗe ta da buga laccocin Cooper ba da izininsa ba. Wani babban malamin tiyata, John Abernethy, sai da ya kai mujallar kotu a kan nasa laccocin.

Saboda haka kusan kowane ɗalibi yana da kundinsa. Al'adar da yawansu ita ce su yi rubutun gaggawa a zaure, a kan benci mai hawa-hawa cikin cunkoso, da dare kuma su zauna gaban kyandir su kwafe shi da kyau. Wasu sukan kai wa mai ɗinkin littafi ya yi masa bango, ya zame musu abin dubawa har ƙarshen aikinsu. Akan ari na aboki a cike gurbin ranar da aka yi fashi.

Kundin ɗan koyonmu yana ɗauke da abin da ya samo daga laccocin ƙirar jiki da aikin sassansa: yadda jini yake, yadda jijiyoyin da ke harbawa suka bambanta da masu mayar da jini zuciya, jijiyoyin ji da motsi, da ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya. An yi sa'a kundin wani ɗan ajinsu, Joshua Waddington, shi ma ya tsira, kuma daga laccocin Cooper ɗin ne. Na Waddington doguwar shimfiɗa ce, yana ƙoƙarin kamo maganar malam yadda ta fito. Na ɗan koyonmu gajere ne ƙwarai, yakan dunƙule bayani mai tsawo cikin 'yan layuka, ya koma gefen shafi ya ƙara wani abu. A nan gefen ne furannin suke.

Kunne kaɗai bai isa ba, gani ya kori ji. Ɗakin fiɗar gawa yana St Thomas's, gawarwakin kuma yawanci na sata ne. Doka ta halatta gawar wanda aka rataye saboda kisan kai kawai, ba ta kuwa isar ɗaruruwan ɗalibai, sai makarantu suka dogara da masu tone sabbin kaburbura da dare suna sayarwa. Haka aka yi ta tafiya har dokar 1832. Abin yana da ɗaci ga duk mai girmama mamaci, kuma talakawa ne aka fi tonewa. A kan jikinsu ne aka tabbatar da abin da ke cikin waɗannan kundaye.

Hankalinsa bai tsaya wuri ɗaya ba a wannan zango. Abokin zamansa a gidan haya na titin St Thomas, Henry Stephens, ya ba da labari daga baya cewa yakan zauna a lacca kamar ba ya wurin, wani lokaci yana rubuta baitoci. Shi kansa ya gaya wa wani abokinsa cewa wata rana hasken rana ya ratso zauren, ya bi ƙurar da ke yawo cikin hasken da ido har ya manta da malam. (Stephens ɗin nan shi ne ya ƙirƙiro wata shahararriyar tawada mai shuɗi da baƙi a 1832, wadda aka daɗe ana rubutu da ita a ofisoshi da makarantu.)

## Maris zuwa Yuli 1816: aikin diresa

Wata guda da rajistarsa aka zaɓe shi diresa, ya kama aikin a Maris 1816 na tsawon shekara guda. Muƙami ne da ɗalibai ke nema, har biya ake yi a same shi. Diresa yana bin likitan tiyata zagayen ɗakuna riƙe da akwatin bandeji da filasta. Shi ke sauya ɗaurin ciwo kullum. Idan makon aikinsa ya zo, a asibiti yake kwana, duk wanda aka kawo cikin dare, mai karaya ko ƙuna ko sara, shi zai fara tarba, shi zai yanke shawarar ko a taso likita.

Babu allurar kashe zafi, babu maganin sa barci. Sai a 1846 aka fara nuna tiyata da mara lafiya yana barci a bainar jama'a, a Boston ta Amurka, maganin kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata kuma sai 1867 Joseph Lister ya bayyana nasa. A 1816 mutum yana ji yana gani ake yanke masa ƙafa, diresoshi na cikin masu danne shi. Bayan kwana biyu ko uku diresan ne zai kwance ƙyallen ya tarar da ruɓa. Likitan da aka haɗa ɗan koyonmu da shi kuwa, waɗanda suka yi zamani da shi sun shaide shi da rashin ƙwarewa a tiyata.

A cikin wannan hali yake shirin jarrabawa. A ranar 5 ga Mayu 1816 kuma wata jaridar mako-mako ta buga waƙarsa ta farko.

## 25 ga Yuli 1816: jarrabawa

An yi ta a zauren ƙungiyar masu haɗa magani da ke unguwar Blackfriars a Landan, kuma ta baka ce. Fanni huɗu aka tambaya: fassara daga littafin magunguna na Landan da takardun magani na likitoci, duka cikin Latin, ilimin cututtuka da maganinsu, haɗa sinadaran magani, da sanin magungunan kansu. Ya ci a zama na farko, wata 10 ba 'yan kwanaki da shigarsa asibiti. Lasisin ba zai yi aiki ba sai ya cika 21 a ƙarshen Oktoba.

## Agusta 1816 zuwa Maris 1817: inda aka rabu

Ya je hutu Margate a bakin teku tare da ƙanensa, ya dawo ya ci gaba da aikin diresa. Matakin da ya rage shi ne jarrabawar kwalejin masu tiyata, wadda ƙirar jiki ce ƙashin bayanta. Bai zauna ta ba. Ya shaida wa mai riƙonsa cewa waƙa zai bi, ran mutumin ya ɓaci. Bai gudu daga aikin ba dai, ya tsaya har wa'adinsa ya cika a Maris 1817, watan da littafin waƙoƙinsa na farko ya fito.

Ya ba abokinsa Charles Brown labarin tiyatarsa ta ƙarshe. Jijiya ce mai harbawa ta gefen kai, tsakanin ido da kunne, aka sa shi ya tsaga. Ya yi aikin daidai, ba kuskure. Amma da ya tuna inda tunaninsa ya tafi a daidai lokacin da wuƙar ke hannunsa, sai ya ga kuɓutar mutumin ikon Allah ce kawai. Bai sake ɗaukar wuƙar ba.

## 1818 zuwa 1821: abin da ya biyo baya

Bai rabu da kayan karatun ba. A wata wasiƙa ta Mayu 1818 ya ce yana murna da bai kyautar da littattafansa na likitanci ba, yana son ya sake duba su. A ƙarshen wannan shekara shi ya yi jinyar ƙanensa, wanda tarin fuka ya ɗauke ranar 1 ga Disamba 1818. A 1819, da kuɗi suka yanke, ya yi tunanin neman aikin likita a jirgin ruwan fatauci mai zuwa Indiya, ya fasa.

Daren 3 ga Fabrairu 1820 ya dawo gida Hampstead da zazzaɓi. Yana hawa gado sai tari, ɗigon jini ya faɗa kan zanen gado. Ya ce wa Brown ya kawo kyandir. Ya duƙa ya duba launin jinin da kyau, ya ɗago cikin natsuwa ya ce jinin jijiya mai harbawa ne, launin ba zai ruɗe shi ba, kuma ya san ajali ne. Aka kira likita, ya tsaga masa hannu ya ƙara zubar da wani jinin. A kaka aka tafi da shi Italiya neman iska mai ɗumi. Likitan da ya duba shi a Roma shi ma ya zubar masa da jini, ya kuma taƙaita masa abinci har yana kukan yunwa. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu 1821, yana da shekara 25. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar.

An buga kundin a 1934, aka sake buga shi da cikakken sharhi a 2020.

## Hukunci

Abin da ya ci masa jarrabawar 1816, a ganina, yawancinsa daga shagon Edmonton ya fito. A duba fannonin huɗu. Latin ya zo da shi daga makaranta, ya raya shi da fassarar da yake yi don jin daɗinsa. Haɗa magani da sanin magunguna kuwa shekara 5 ya yi hannunsa cikin turmi. Sabuwar dokar ta tilasta lacca, amma abin da ta zauna ta tambaya kusan duk ilimin tsohon tsari ne. Zaman gidan maigida, da duk sharar da riƙon dokin da rigimar, ya biya.

Kundin da ya tsira na ƙirar jiki ne, fannin da ba ya cikin huɗun. An tanade shi ne don jarrabawar tiyata da aikin wuƙa, watau hanyar da ya bari. Waɗanda suka rubuta tarihinsa a da sun ɗauki gajartar rubutun da furannin gefe a matsayin shaidar ɗalibin da zuciyarsa ba ta wurin. Ban yarda da su ba. Mai kwafe maganar malam kalma da kalma yana iya yi ba tare da ya fahimta ba, amma ba ka iya dunƙule shafi cikin layi uku sai ka gane abin da ke ciki. Malalacin ɗalibi kuma ba a zaɓarsa diresa cikin wata guda, ba ya cin jarrabawa a zama ɗaya alhali yana kwana a asibiti. Hujja mafi ƙarfi ita ce daren kyandir: shekara 3 da barin asibiti, cikin zazzaɓi, ya kalli ɗigo ɗaya ya karanta shi.

Inda tsarin ya gaza shi ne ɗakin tiyata. An miƙa wuƙa ga ɗan shekara 20, ƙarƙashin likitan da ba abin koyi ba ne, a gaban mutanen da ke ihu. Waƙa ta ja shi, wannan gaskiya ne, kuma da wuya wani malami ya riƙe shi. Amma dalilin da ya faɗa da bakinsa tsoron cutar da mara lafiya ne, kuma ina ganin wannan tsoro ya cancanci girmamawa. Da akwai babba a kusa da zai gaya masa cewa irin wannan fargaba tana samun masu hannu mai kyau, wataƙila da rabuwar ba ta zo ta wannan fuska ba.

Sai aibin da ke jikin kowane kundi na wancan zamani, nasa da na sauran. Kundi yana adana abin da malam ya faɗa, daidai da kuskure, da tawada iri ɗaya, kuma ɗalibi ba shi da ma'aunin raba su. Likitocin da suka duba shi a Hampstead da Roma ba jahilai ba ne, ba kuma mugaye ba. Sun yi karatu, sun halarci lacca, abin da aka koya musu suka yi. Karatun da ya sa shi gane launin jininsa a daren 3 ga Fabrairu, shi ne ya sa wanda aka kira ya kama hannunsa ya nemi jijiyar da zai tsaga.